Haƙƙin Wuri a Kan Mai Zuwa Kallo

A arewa maso gabashin ƙasar Biyetnam akwai wani lungun teku da ake kira Ha Long. Tsibirai kimanin 1,600 ne ke tsaye cikin ruwansa, yawancinsu ba kowa a kansu sai itatuwa da tsuntsaye. Dutsensu irin wanda ake haƙa ne a Ashaka da Gboko domin yin siminti. Ruwan sama yana da ɗan tsami, da shi yake narkar da irin wannan dutse kaɗan-kaɗan, har cikin shekaru miliyoyi ya sassaƙe tsibiran, ya huda kogwanni a cikinsu. A shekarar 1994 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya, yau kuma mutane miliyoyi ne ke hawa jirgin ruwa kowace shekara don su gan shi.

Tambayar da nake so mu yi tunani a kanta ita ce: wanda ya biya kuɗin jirgi ya je kallo, ya gama sauke nauyin da ke kansa ke nan, ko kuwa akwai sauran haƙƙi?

Mu fara da kogon. Jirgi yakan tsaya a bakin tsibiri, baƙi su hau matakala su shiga kogo irin na Sung Sot. A ciki akwai duwatsu masu rataye daga sama, waɗansu kuma sun taso daga ƙasa. Ɗigon ruwa ne ya gina su, kowane ɗigo yana barin ɗan garin dutse, ana shekara ɗari tsawonsu bai ƙaru da na yatsa ba. Da mutum ya ga irin wannan, hannunsa yakan so ya taɓa. Amma maiƙon da ke tafin hannu yana manne wa dutsen, ya hana shi ci gaba da girma. Wanda ya taɓa ba mugu ba ne, sha'awa ce ta kai hannunsa. Duk da haka ɓarnar ta auku. Ashe ana iya ɓata abu ba da ƙiyayya ba, sai da son da babu kamewa a cikinsa.

Haka batun ruwan yake. Robar ruwan sha guda ɗaya ba kome ba ce a teku, kowa ma haka yake gaya wa kansa. Amma da suka taru, sai da hukuma ta hana shiga jiragen yawon buɗe ido da robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya, a shekarar 2019. Laifin da aka raba wa mutum miliyan bai daina zama laifi ba don rabon kowa ƙanƙani ne.

Abin da ya fi nauyi shi ne batun mutane. Tun kaka da kakanni masunta suke zaune a kan ruwan Ha Long, da fari cikin kwale-kwale, daga baya cikin gidaje masu iyo, a ƙauyuka irin su Cua Van. A shekarar 2014 gwamnati ta kwashe su zuwa tudu, domin tsabtar ruwan da kuma lafiyarsu. Gaskiya ne yaransu sun sami makaranta kusa, iyalai kuma sun tsira daga guguwar teku. Gaskiya ne kuma cewa masunci a tudu kamar manomi ne ba gona. Waɗansunsu yanzu su ne ke tuƙa baƙi a kwale-kwale su nuna musu inda suka taɓa zama. Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A nan kuwa ɗan gari ne ya tashi, baƙo yana ta zuwa.

Shin mafita ita ce kowa ya zauna a gida? Ban ga haka ba. Kuɗin baƙi ne ke ciyar da matuƙa da masu dafa abinci da iyalansu, kuma kallon aikin Mahalicci yana koya wa zuciya tawali'u. Abin da nake cewa shi ne, kuɗin jirgi kujera kawai yake saya, ba ya sayen wurin. Dutse da ruwa amana ne, akwai waɗanda ba a haifa ba tukuna da suke da rabo a ciki.

Saboda haka, iyaye, ko da Ha Long ta yi mana nisa, duk inda muka kai yaranmu kallo mu koya musu su riƙe hannunsu, su koma gida da shararsu, su gaishe da mai tuƙa su da ladabi, su tambaye shi labarin wurin kafin su ɗauki hotonsa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.