Kabarin da Ba Mu San Mai Shi Ba

A fadamar Hadeja, daga Baturiya har zuwa Nguru, ƙasa ba ta iya riƙe sirri. Ruwa ya zo da damina ya ci gaɓa, ya janye da rani, sai a ga tsingaro a inda ba a san an taɓa yin gari ba. Can a Dufuna, gefen Komadugu Gana a jihar Yobe, wani Bafulatani mai haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale a 1987, aka auna aka ga ya kai kimanin shekara 8,000. Kwalekwale dai itace ne, babu mai jin haushi don an ciro shi. To, ranar da diga ta taɓa ƙashin mutum fa?

Mu mutane ne masu girmama kabari. Ba ma taka shi, ba ma zama a kansa, in mun shiga maƙabarta sai mun yi sallama. Sai dai girmamawar tamu ta fi ƙarfi a kan wanda muka san sunansa. Da zarar suna ya ɓace, aka ce "ai mutanen da ne", ko "ai arna ne", sai kabari ya koma tudun ƙasa kawai.

Mu duba Durɓi Takusheyi, kusa da Mani a jihar Katsina, inda manyan tuddai suka rufe sarakunan farko na ƙasar Katsina. A 1907 Baturen mulki Richmond Palmer ya haƙa wasu daga cikinsu, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Kayan da ya ciro sun ɓace. A 1992 masana daga Jamus suka buɗe wasu uku, kowanne da mamaci ɗaya a tsakiya. An sami wuri, duwatsun wuya, hauren giwa, zinariya, da wata tasar ƙarfe da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya. An binne mutanen ne tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Daga baya aka kai kayan birnin Mainz aka gyara, suka dawo Najeriya a 2014.

Ba za mu yi wa kanmu ƙarya ba, ilimin da aka samu babba ne. Jerin sarakuna suna kawai yake ba mu, da shekarun mulki. Kabari ne ya nuna mana abin da suka sa a wuya, da cewa tun ƙarnoni da suka wuce fatauci ya haɗa Katsina da ƙasashen da ke bayan Sahara. Wanda ya ce ba mu da tarihi kafin zuwan Turawa, tasar nan kaɗai ta ishe shi amsa. Amma wanda ya ajiye tasar a gefen mamacinsa, yana kuka ko yana tsoro, bai ajiye ta don a sa ta cikin gilashi ba. Ya rufe ne da niyyar kada a sake buɗewa. Shin tsufan niyya yana soke ta? In shekara 600 ta halatta tono, me zai hana shekara 60? Babu wanda zai iya nuna mana ranar da gawa ke daina zama mutum ta koma kayan tarihi.

Wasu sun riga mu shiga wannan rigima. A hamadar Arizona ta Amurka an yi wasu manoma da masana ke kira Hohokam, waɗanda suka haƙa dogayen magudanan ruwa daga kogunan Gila da Salt suna noman masara da auduga. Mai noman rani a Hadeja zai gane wahalarsu ba sai an yi masa bayani ba. Tsawon ƙarnoni suna ƙona gawa, su zuba toka da guntayen ƙashi a rami ko a tukunya, tare da kwanukan yumɓu da awarwaron ƙwaryar teku. Jin haka kaɗai zai sa tsikar jikinmu ta tashi. Amma wanda ya haɗa toka da mafi tsadar abin da ya mallaka ba yar da gawa ya yi ba, jana'iza ya yi, irin wadda ya sani.

An haƙa babban garinsu, Snaketown, a 1934 zuwa 1935, aka sake komawa a 1964 ƙarƙashin Emil Haury. Sai dai mutanen O'odham da ke zaune a wurin ba su ɗauki waɗannan matattu a matsayin ɓatacciyar al'umma ba. Kakanninsu ne. Koke-koken ƙabilun asali irinsu ne suka kai ga dokar 1990, wadda ta tilasta wa gidajen tarihi masu cin kuɗin gwamnatin tarayya su lissafa ƙasusuwan da ke hannunsu, su mayar wa masu su.

A nan bambancinmu da su yake, kuma ba ya yi mana daɗi. Su sun ce "namu ne". Mu sau da yawa cewa muke "ba namu ba ne", don ba su yi salla ba, alhali jininsu ne ke gudana a jikinmu. Malamai sun karantar da mu cewa Annabi (SAW) ya miƙe tsaye don gawar Bayahude da aka wuce da ita, saboda rai ce. Malaman fiƙihu kuma sun yarda a tona kabari in larura ta kama. Ke nan tambayar ba ta "a tona ko kar a tona" ba ce. Larurar wa? Wa aka tambaya? Kuma in an gama, ina mamacin zai koma?

A ganinmu neman sani yana iya zama larura, musamman inda ambaliya ko aikin hanya ko masu haƙa don sayarwa za su riga masana isa wurin. Gara a ciro da hannu mai hankali, a rubuta, da a bar wa ruwa. Amma wanda ya buɗe kabari ya ɗauki amana: ya nemi izinin mutanen gari, ba takardar hukuma kaɗai ba, ya dawo ya gaya musu abin da ya gani da harshen da suke ji, kuma in an gama awo a mayar da ƙashi ƙasa. Haƙan 1907 bai bar mana ko ɗaya daga abin da ya ciro ba. An tayar da matattu, ilimin kuma ya bi iska.

Shi kuwa Snaketown, bayan an gama aiki an sake rufe shi da ƙasa. Gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1972, amma al'ummar Kogin Gila, masu filin, ba su buɗe shi ga 'yan yawon buɗe ido ba har yau.