Dogon Hutu: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Ya ku iyaye, malamai da 'yan uwa, makarantu sun tashi dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba yaranmu na hannunmu. Nasihata ta fi shafar 'yan aji biyu na babbar sakandare, waɗanda za su koma aji uku. Daga ranar da suka koma, wata bakwai ko takwas ne tsakaninsu da jarrabawar JAMB, wadda aka saba rubutawa wajajen Afrilu. Kafin su huta WAEC ta iso a Mayu da Yuni, NECO na biye da ita. Tambayoyin kuwa tun daga karatun aji ɗaya ake ɗauko su, ga sharaɗin kiredit biyar, har da Turanci, ga mai son jami'a. Wannan hutun ne damarsu ta ƙarshe ta waiwayar baya cikin natsuwa.

Mun rabu gida biyu, kowane da nasa kuskuren. Wani uban, don tsananin so, ya biya kuɗin lesin daga takwas na safe zuwa biyu na rana, yaro ya wuce Islamiyya da la'asar, da dare wani malamin na jiransa. Kafin wata guda za ka tarar da shi riƙe da biro yana gyangyaɗi. Wani kuma ya sakar wa nasa ragama. Ana kiran asalatu yana ƙarƙashin bargo, hasken waya na dukan fuskarsa, sai hantsi ya kwanta. Littattafansa na cikin buhu tun ranar da aka tashi, danshin damina na cin su.

Addininmu bai yarda da ko ɗaya ba. Manzon Allah (SAW) ya hana Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi yin azumi kullum da raya dare gaba ɗaya, ya nuna masa cewa jikinsa da idonsa na da haƙƙi a kansa. In ibada ma an sa mata iyaka, ina ga karatun jarrabawa? Likitoci kuma sun ce matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barci ne abin da aka karanta yake zama a kai.

Don haka a bar su su huta sosai a mako na farko, su yi zumunci, su buga ƙwallo. Daga nan a ware awa biyu ko uku kullum, musamman bayan sallar asuba, a fara da darasin da takardar sakamako ta nuna rauninsa, a riƙa gwada tsofaffin tambayoyi. Tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yanzu kuma tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, rawar hannu ce za ta cinye masa lokaci. A kai shi kafe ko sau ɗaya a mako. Ƙarfe goma na dare kuwa waya ta koma ɗakin uwa.

Iyaye mata, ku dubi 'yan matanmu. Shara, wanke-wanke, girki da raino ba su san hutu ba. A raba aikin da ƙanne da yayye, a bar wa yarinya awowinta. Wanda ke gona ma a sallame shi da wuri, ya kintsa ya buɗe littafi bayan la'asar.

Ku kuma 'yan jami'a da ke gida, ku tara ƙannenku na unguwa sau uku a mako, ku koya musu kyauta. Masu unguwanni su nemi izinin a buɗe musu aji ɗaya a firamare, limamai su tunatar a huɗuba. Ɗan maƙwabci in ya ci jarrabawa, unguwa ce ta samu likita ko malami.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani da lafiyar nemansa, mu kuma Ya ba mu ikon sauke nauyinsu. Amin.