Daga Ina Sharrin Cuta Yake Fitowa?

Akwai wata cuta da ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 10, galibi bayan mura ko ciwon maƙogwaro. Sai a wayi gari ƙafafun yaro da ɗuwawunsa sun cika da ɗigo-ɗigo ja masu duhu, masu ɗan tudu in an shafa, waɗanda ko an danna su da gindin kofin gilashi ba sa gushewa, don jini ne ya tsiyayo daga ƙananan jijiyoyi ya kwanta a ƙarƙashin fata. Likitan Jamus Schönlein ya siffanta ta a 1837, ɗalibinsa Henoch kuma ya danganta ta da ciwon ciki da na ƙoda. Abin da ya sa ta cancanci tunanin malami shi ne, ba ƙwayar cuta ce ke fasa jijiyar ba. Wani furotin na garkuwar jiki da ake kira IgA, wanda aikinsa tsare hanji da hanyar numfashi, shi ne ke dunƙulewa ya manne a bangon jijiya. Daga nan sai wasu furotin na jini su yi gangami, fararen ƙwayoyin jini su amsa kira, su zuba dafin da aka tanada domin maƙiyi a kan naman mai shi.

Majusawa sun ce alheri da sharri tushe biyu ne daban. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, likita kuma masanin falsafa, ya ƙi wannan a littafinsa al-Shifa. A wurinsa sharri ba shi da zati na kansa, yana biyo abu mai amfani ne a gefe, kamar wuta da ba za ta dafa abinci ba sai in tana iya ƙona riga. Ina ganin ɗakin gwaji ya ba shi gaskiya, domin an gwada cire ɓangaren da ke ɓarnar, an ga abin da ya biyo baya. Magungunan da ke toshe furotin ɗin TNF suna kwantar da kumburin gaɓoɓi, amma a 2001 aka bayyana cewa suna tayar da tarin fuka da ya kwanta a jiki. Maganin da ke toshe furotin ɗin C5 kuwa, ɗaya daga cikin masu gangamin nan na jini, sai an yi wa mutum rigakafin sanƙarau ake ba shi, kuma waɗanda aka haifa babu wannan rukunin furotin sukan yi ta kamuwa da sanƙarau. Wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1996 a Arewa ya san tsananin wannan cuta. Abu ɗaya ne ke kare yaron, shi ne kuma ke zubar masa da jini.

Mai ja zai ce, Mai iko a kan komai ya gaza halittar garkuwar da ba ta kuskure ne? Amsar farko ita ce garkuwa tana fuskantar ƙwayoyin da ba ta taɓa gani ba, kuma cikin sa'o'i take yanke hukunci. In ta tsaya sai ta tabbatar, mai ita ya mutu. Zai sake cewa ai wannan ƙunci na halitta ne, ba na Mahalicci ba. Haka ne, sai dai abin da yake nema a nan wata halitta ce dabam, wadda ba ta rayuwa da sababi, ba ɗan Adam mai jini da tsoka ba. Inda hujjar take tsayawa shi ne rabo. Ta bayyana dalilin da cutar take yiwuwa, ba ta bayyana abin da ya sa yawancin yara ke warkewa cikin makonni kaɗan, ƙalilan kuma ƙodarsu ta taɓu ba. Wanda ya karanta wa uwar irin wannan yaro misalin wuta bai yi mata adalci ba.

Likita ma ba ya neman tumɓuke garkuwar. Sau da yawa maganin zafi kawai zai bayar, ya riƙa auna fitsari da hawan jini har wata 6, ba zai ɗauko magani mai danne garkuwa ba sai ciwon ciki ya tsananta ko ƙoda ta nuna alama.