Ɗan da ya tafi nema da iyayen da ya bari

Ƴan'uwa masu karatu, ga wata tambaya da ya kamata mu duba tare. Yaro ya koyi sana'a, ya iya ta. Ya zama magini, ko tela, ko makanike, ko kuwa ya ƙare lakwal ya samu takarda. Sai ya ce zai tafi wata ƙasa nema, ya bar uwa da uba sun tsufa. Ya yi daidai ne, ko ya yi laifi?

Tafiya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kance. Tun kaka da kakanni ana cin rani. In an sa hatsi a rumbu, sai samari su nufi Daura ko Kano, su rage wa gida baki. Da hadari ya fara haɗuwa, ga su sun dawo da tufafi da kuɗin iri. Tsoho ba ya shuka shi kaɗai. Tafiyar yanzu daban take. Ana zuwa Libiya, ko Aljeriya, ko Abijan, a yi shekara uku, a yi biyar. Damana ta zo ta wuce, ba a ga yaro ba.

Mu fara ba yaron gaskiyarsa. Gonar da mutum ɗaya ya noma a da, yau jikokinsa sun rarraba ta. Mutane suna ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Magini nawa ne Matamai za ta iya ba aiki kullum? In mai sana'a ya zauna babu mai kiran sa, shi da iyayen duka yunwa za su ji. Kuɗin da ake aikowa ta Nita ko Al Izza sun sayi hatsi lokacin da rumbu ya ƙare. Sun sayi magani, sun aurar da ƙanne. Wanda ya tafi don wannan, ba a ce masa ya gudu.

To, yanzu mu leƙa gidan da aka bari. Akwai aikin da kuɗi ke yi, akwai wanda sai hannu. Ana iya biyan ƴan barema su yi noma. Amma in zazzaɓi ya kama tsohuwa cikin dare, jika goma da aka aiko ba za ta ɗora ta a amalanke zuwa likita ba. Sau da yawa kuma yaron ya bar mata da ƴaƴa. Tsohon da ya kamata ya huta, shi ne ya koma neman abincin jikoki. In kuɗi sun yi jinkiri wata biyu, sai a jinginar da gona. Gari ma yana asara. Injin ban-ruwa ya tsaya a lambun rake, wanda ya iya gyaran sa yana Tamanrasat.

Sannan ga fargaba. Babu wanda ya manta da watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit. Ƙishirwa ce ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara, da yawa daga ƙasarmu ta Kance. A 2011 yaƙin Libiya ya koro dubban ƴan Nijar hannu wofi. Daga Disamba 2014 Aljeriya ta fara maido da mutanenmu cikin manyan motoci. Uwar da ta san wannan duka, in salula ta yi kwana goma ba ta yi ƙara ba, yaya za ta yi barci?

Malamai sun sha faɗa mana cewa wani mutum ya nemi izinin tafiya jihadi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi ko iyayensa suna da rai, ya maida shi ya yi musu hidima. In haka ne ga jihadi, to ina ga neman kuɗi?

Iyaye ma suna da nasu rabo. Wani uban shi ne ke cewa: "Dubi ɗan wane, ya yi wa ubansa ɗakin kwano." Wannan magana ta tura yara da yawa hamada. Wata uwar kuma tana ciwo, in ɗanta ya kira sai ta ce lafiya lau, don kada ransa ya ɓaci. Ranar da ya ji gaskiya, an riga an rufe ta.

Ga abin da nake gani. Tafiya ba laifi ba ce, in an cika haƙƙinta. Yaro, ka nemi albarkar iyayenka, wadda suka bayar da zuciya ɗaya. Ka san wanda zai tsaya musu, ka ambaci sunansa gaban dangi. Ka koya wa ƙanenka sana'ar kafin ka tashi. Ka sa ranar dawowa, ka cika ta. Ka riƙa kira ko ba ka da abin aikowa, domin muryarka suke jira. In kuwa kai kaɗai gare su, kuma ƙarfinsu ya ƙare, ka nemi abincinka inda za ka iya zuwa gida cikin yini ɗaya, kamar Damagaram ko Kano. Zumunta a ƙafa take.

Baba da inna, ku kuma ku faɗa wa ɗanku gaskiyar halin da kuke ciki. Cikin abin da ya aiko, ku saya masa ko da tunkiya ce, don ya tarar da abin da zai zaunar da shi gida.

Ku karanta wannan a zaure, tsofaffi da samari tare, kowa ya faɗi nasa. Allah ya maido mana da ƴaƴanmu lafiya, amin.