Ko Hukuma Sai Da Sallama

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga ya kamata in kawo ta gabanku mu auna ta tare. In ma'aikacin da aka ɗora wa tsaron namun daji ya yi zaton wani ya ɓoye nama ko fata ko bindiga a gidansa, shin ya halatta ya kutsa kai haka kawai, ko kuwa sai ya nemo takardar izini daga alƙali, watau waranti?

Ga abin da ya ta da maganar. Wata rana da safe, a makarantar da na ke koyarwa a ƙasar Anka, wani yaro ya zo a makare, idanunsa jawur. Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Malam, da asuba waɗansu mutane masu kaki suka faɗa gidanmu, wai an gaya musu babana ya harbi gwanki." Sun shiga har ɗakin uwarsa, sun birkita kaya, ba su sami ko tsoka guda ba. Da za su tafi sai suka ɗauke adakar kakansa, da buzun barewar da tsohon ya ke salla a kai. Ba su nuna takarda ba, ba su kuwa rubuta abin da suka ɗauka ba. Sa'an nan yaron ya yi mini tambayar da ta hana ni barci, ya ce, "Malam, da su da waɗanda suka zo bara suka kore mana shanu, yaya a ke rarrabe su?"

Kafin in amsa, bari in ba ma'aikatan daji haƙƙinsu, don aikinsu ba na banza ba ne. Tsofaffin Gummi da Bukkuyum suna ba da labarin zamanin da ɓauna da kanki da gwanki su ke saukowa shan ruwa a bakin Gulbin Zamfara. Yau yaron da aka haifa a can ba ya sanin kamanninsu sai a littafi. Tun 1916 Turawa suka kafa dokar kiyaye namun daji a Nijeriya, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963, aka kuma yi wata a 1985 don hana fataucin dabbobin da su ke shirin ƙarewa. An keɓe dajin Kuyambana a nan Zamfara, maƙwabcinsa kuma na Kamuku, a ƙasar Birnin Gwari, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1999. Duk wannan don jikokinmu ne, kuma dokar da ba ta da mai tsaronta tatsuniya ce.

Ma'aikacin daji kuwa yana da hujja mai ƙarfi. Zai ce, "Malam, ka san nama ba ya jira. Kafin in je gari in sami alƙali in komo, an cinye, an wanke tukunya, an binne fata. Ashe ke nan takardarka ta zama garkuwar ɓarawo." Wannan magana ba ta rena ba ce.

Amma fa sai mu rarrabe daji da gida. Wanda aka tarar cikin gandun daji da bindiga tana hayaƙi, ko a kan hanya da nama a kafaɗa, babu mai cewa a tsaya neman takarda. Ido ya gani, a kama shi nan take, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Gida kuwa dabam ne. Mai shiga gida bincike bai ga kome ba tukuna, zato ne ya kawo shi, zaton nan kuwa sau da yawa daga bakin wani ya fito. Kowa ya zauna ƙauye ya san yadda rikicin iyakar gona ko na neman aure ya kan koma tsegumi wurin hukuma. Amfanin waranti shi ne a kai zaton nan gaban mutumin da ba shi da rabo cikin farautar, ya tambaya: wa ya faɗa, me ya gani, yaushe? In maganar ta tsaya da ƙafafunta ya sa hannu, in ta faɗi an kuɓutar da mutuncin gida guda.

Kada wani ya ce wannan baƙon ra'ayi ne. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama. Ana kuma ba da labarin Sayyidina Umar, cewa wata rana da dare ya haura katangar wani gida ya tarar ana saɓo. Mai gidan ya amsa laifinsa guda, amma ya lissafa wa Halifa uku: ya yi leƙen asiri, bai shigo ta ƙofa ba, bai kuwa yi sallama ba. Umar ya karɓi maganar, ya fita. To, in Sarkin Musulmi na wancan zamani ya ga katanga ta fi ƙarfinsa, ina ga mai gadin daji? Mu ma abin da ya sa mu ke gina zaure ke nan, don baƙo ya san inda ƙafarsa za ta tsaya.

Dokar ƙasa ma haka ta ce. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tsare wa kowane ɗan ƙasa sirrin gidansa, ba a taɓa shi sai ta hanyar doka. Dokar shari'ar laifuffuka ta Arewa ta 1960, da ta Tarayya ta 2015, sun tsara yadda a ke bincike: a yi shi gaban shaidu biyu, a rubuta abin da aka ɗauka, in kuma ɗakin macen kulle ne a sanar da ita ta keɓe tukuna.

Waɗansu ƙasashe ma sun sha wannan gardama. A Ingila, manzannin Sarki suka fasa gidan wani marubuci da takardar wani babban minista, suka kwashe takardunsa, cikin 1765 kotu ta ce ministan ba shi da ikon ba da wannan izini. Watau takardar da ubangidanka ya rubuta maka ba ta isa ba. A Amurka tun 1791 tsarin mulkinsu ya hana bincike ba bisa ƙa'ida ba, amma a 1924 kotun ƙolinsu ta ce hanin bai shafi fili da gona ba. Da wannan ne masu gadin namun daji suka riƙa ratsa gonakin mutane, har a kan ɗaura na'urar ɗaukar hoto a jikin itace, sai a 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara a jihar Tenesi ta ce yin haka ya saɓa wa tsarin mulkin jihar. Su gardamarsu ta kai gona, mu kuwa har yanzu muna roƙon a tsaya a zaure.

Saura maganar nama ba ya jira. Ai da dabara. Biyu su tsare ƙofa, a kira mai unguwa, ɗaya ya hau babur ya nemo alƙali. In duk da haka wata rana wani maharbi ya sha, hasarar gwanki guda ce. Amma gidan da aka keta ba laifi, an yi hasarar mutanensa har abada. Gobe in suka ga ana haƙa tarko, ko ana ƙona daji, ba za su faɗa ba. Ma'aikata kaɗan kuwa ba su iya tsare daji mai faɗin na Kuyambana in idon talakawa ba ya tare da su.

Maganar ta ƙara nauyi a wannan zamani. A 2024 Gwamnatin Zamfara ta kafa Askarawa, a 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta yarda a ɗauki dakarun tsaron daji. Masu ɗaukar bindiga da sunan hukuma suna ƙaruwa, a ƙasar da 'yan bindiga su ma su kan zo da kaki. Kaki a kan saya a kasuwa, bindiga kowa ya samu ya rataya. Abin da ɓarawo ba ya iya kawowa shi ne takardar alƙali, da shaidu, da rubutaccen lissafi. Kada mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Washegari na kira yaron nan na ce masa, "Hukuma ita ce wadda ta ke yin sallama, ta nuna takarda, ta bar maka shaidar abin da ta ɗauka." Ya yi shiru, ya ce, "To, Malam, ashe jiya ba ta zo ba." Ban sami abin ce masa ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, Ya tsare mana dazuzzukanmu da gidajenmu, amin.

Wani Malamin Makaranta, Anka.