Tambihi ga 'Yan'uwa a kan Tawakkali da Haƙƙin Baƙo Kafin Ruwa Ya Zo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa cikin ɗariƙa, mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ga mas'ala: shin wanda ya yi tanadi domin ambaliya ko yunwa ya tauye tawakkalinsa? Ni ina cewa a'a. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi aikin gaɓɓai ne, ɗaya ba ya korar ɗaya. Annabi Nuhu ya sassaƙa jirgi tun ƙasa tana busasshiya. Annabi Yusufu ya sa aka tara hatsi a zangarniyarsa shekara 7 kafin fari. Sayyadi Umaru ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba. Wane ne cikinmu ya fi waɗannan yaƙini?

Ku sani ƙasarmu ƙasar ruwa ce. Kogin Kano yana ratsa dajin Falgore, ya zuba a madatsar Tiga wadda aka gama a 1974, tafkinta ya ci gonaki da ƙauyuka, aka tashi mutanensu. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle a ƙasar Bebeji, ruwa ya tafi da gidaje da amfanin gona da rayuka. Irin wannan ya auku nesa da mu a Satumba 2024, madatsar Alau ta ɓalle wa Maiduguri, garin da yake cike da masu gudun hijira. Waɗanda suka tsere wa wuta suka gamu da ruwa.

To, ka lura, ya kai muridi. Wanda aka kora daga garinsu, ko makiyayin da ɓarayin shanu suka raba da rugarsa a Falgore, in ya sauka wani gari ba ya samun tudu, domin tudu yana da masu shi. Kwari ake nuna masa, ko bakin rafi, ya kafa bukkar kara. Baƙo kuwa makahon gari ne, bai san inda ruwa ya tsaya a shekarun baya ba. Dattijon gari ya sani. Wannan sanin amana ne, ɓoye shi ha'inci ne. Wanda ya kwana a tudu cikin soro, ya ce wa na kwari ya dogara ga Allah, da ran waninsa yake tawakkali, kuma wannan gafala ce da ta sa rawanin zuhudu.

Saboda haka nake yi muku wasiyya da abu huɗu. Na farko, tun bazara ku nuna wa baƙi tudun da za a gudu, da hanyar da ba ta yankewa. Na biyu, muƙaddami ya ƙidaya raunana, tsofaffi da makafi da guragu da marayu da almajirai, ya ɗora kowane a wuyan ɗan'uwa sananne wanda zai ɗauko shi ko da tsakar dare. Na uku, da kaka kowa ya ware damin dawa ko kwanon masara a rumbun zawiya, bayan zakka. Na huɗu, ku yashe magudanai kafin marka, kuma in gargaɗin hukuma ya zo ta rediyo, a faɗe shi bayan wazifa domin wanda bai ji ba.

In kun cika waɗannan, ruwa ya zo duk da haka, to nan ne mazaunin yarda da ƙaddara, kuma harshenku ba zai yi nauyi ba ranar da za a tambaye ku maƙwabci.

Allah Ya tsare mu da gafala, Ya sa mu zama inuwar raunana. Allah ne Mafi sani. Tammat.