Haƙƙin Mamaci A Kan Masu Kallo

Marigayiya Hauwa Ali Dodo ta fito a fim ɗin Ki Yarda Da Ni a matsayin Biba, kishiya mai makirci, har sunan ya bi ta. Ranar 1 ga Janairu, 2010, haɗarin mota ya yi ajalinta a hanyar Jos. Kwanan baya a tashar jiragen ruwa ta Yauri na ji waɗansu suna aibata ta saboda halin Biba. To, Annabi (SAW) ya hana zagin matattu. Biba wasan kwaikwayo ce. Hauwa kuwa baiwar Allah ce, hisabinta yana wurinSa. Duk wanda ya kalle ta ya yi nishaɗi, ya sāka mata da addu'a. Allah Ya jiƙan ta, Ya kyautata namu ƙarshen, amin.